Fuskar da Ta Riga Auta Tarewa

"Auta! Ke Auta! Sai wayar nan ta fashe kafin ki ɗauka?"

Mama ce ke kira daga kicin, hannunta duk kumfar sabulu. Auta kuwa tana zaune a bakin gado, wayar na kan cinyarta tana ta ruri, ta zuba mata ido kamar wadda kunama ta hau wa zane. Sunan da ya fito a kai shi ne Umman Dogo, mahaifiyar saurayin da za ta aura.

Yaya, babbar yayarta da ta zo yini daga gidan mijinta, ta fizge wayar ta danna, ta manna mata a kunne tana hararar ta.

"Ina kwana, Umma," in ji Auta da 'yar siririyar murya.

"Lafiya lau, 'yata ta kaina! Kin gan ni nan zaune ina kallonki."

Tsigar jikin Auta ta tashi. Garin da Umma take tafiyar yini guda ce cur a mota.

"Tun da safe na goge miki ƙura, na gaishe ki. Jiya ma maƙwabciyata ta shigo, ta tsaya a gabanki ta kasa tafiya, wai anya wannan mutum ce? Na ce mata sai ma kin gan ta ido da ido! Wai har yanzu kyamarar wayar taki ba ta gyaru ba? Ga Dogo mai gyara a hannunki, amma kin bar ni da murya kawai."

"Za a gyara, Umma."

"To kada ma ki damu. Nan da sati shida ina tafe da ƙafata in gan ki, kafin a shiga hidimar biki."

Da aka kashe wayar Auta ta kifa kai a kan gwiwa ta fashe da kuka. Yaya ta ja tsaki ta ce, "To, an fara! Surukarki na son ki kamar ta haɗiye ki, ke kuma kina kuka. Wasu nema suke ba su samu ba."

"Ba ni take so ba, Yaya! Kin san ba ni ba ce a bangon nan!"

Ga yadda abin ya faro. Auta tana aiki ne a wani shagon ɗaukar hoto. Ba ita ke riƙe kyamara ba, nata aikin yana can baya, a wani ɗan ƙurmusun ɗaki marar taga, inda take gyara hotuna a kwamfuta. Shekara uku tana zaune a wurin tana goge wa mutane ƙuraje da tabo da tamoji, har ta kai in ta ga mutum a titi yatsanta kan motsa da kansa, yana neman inda zai share. Ita kuwa tata fuskar tun tana 'yar shekara sha huɗu ƙuraje suka yi mata sansani. Wasu su tafi, wasu su zo, waɗanda suka tafi su bar mata baƙin tabo da 'yan ramuka a kumatu. Ba mummuna ba ce, ko kusa. Amma ita in ta kalli madubi ba ta ganin ido ko hanci, tabon kawai take ƙirgawa.

Wata rana da rana tsaka, babu kwastoma, ta ɗora nata hoton a kwamfuta. Wallahi ƙurji ɗaya ta yi niyyar cirewa, wanda ke kan haɓa. Da ya fita sai na kusa da shi ya fi fitowa fili. Kafin minti arba'in ta share komai. Ba ta taɓa hanci ba, ba ta taɓa ido ba, fata kawai ta gyara. Amma da ta jingina da kujera ta dubi abin da ta yi, sai ta ji ɗakin ya yi mata sanyi. Wata yarinya ce ke kallon ta daga cikin gilashin, da idanunta, da murmushinta, sumul babu ko ɗigo, kuma kallon nata irin na wadda ta daɗe tana jiran a buɗe mata ƙofa ne.

Don wasa ta tura wa Yaya. Yaya kuwa ba ta san wasa ba. Ranar da Umman Dogo ta roƙi a turo mata hoton yarinyar da ɗanta ya gani ya rikice, shi Yaya ta zaɓa ta tura, ba ta shawarci kowa ba.

Shi Dogo ya san fuskar gaskiya sarai. Gyaran kyamara da firinta ne sana'arsa, kuma a wannan ɗan ɗakin ya fara ganin ta, a ƙarƙashin farin ƙwai mai tona asirin kowace fata, ta tsuguna tana riƙe masa fitila yana kwance firinta. Bai taɓa ce mata uffan a kan ƙurajen ba. Sai dai da ya je gida ya tarar an wanke hoton ƙato, an sa masa firam, an kafa shi a falo sama da talabijin, mahaifiyarsa na tsaye a gabansa tana murna har da hawaye, sai bakinsa ya mutu. Mahaifinsa ya rasu da daɗewa, shi kaɗai ne ɗanta, kuma rabon da ya ga ta yi dariya haka ya manta. Ya ce a ransa gobe zai gaya mata. Goben nan ta shafe wata biyu tana zuwa.

"Share hawayenki," in ji Yaya a wannan safiyar, tana ɗaura ɗankwali. "Leza za a yi miki. Haske ne kawai, fit-fit, an gama. Kafin matar nan ta iso kin fi hoton ma kyau."

Mama ta leƙo ta ce, "Ni dai da kun gaya wa baiwar Allahn nan gaskiya."

"Haba Mama! A ce mata me? Mun yi mata ƙarya? Ki bar min wannan, na san abin da nake yi."

Mama ta koma kicin. A gidan nan tun rasuwar Baba maganar Yaya ce ke tafiya.

Likitar fatar da suka je wurinta wata dattijuwa ce mai tabarau, marar yawan fara'a. Ta juya fuskar Auta dama da hagu a ƙarƙashin fitila, ta gwada hasken a ɗan wuri kaɗan a bayan muƙamuƙi, ta ce su dawo bayan kwana uku ta ga yadda fatar ta karɓa. Da suka dawo ta zaunar da su.

"Zai yi aiki, amma a hankali. Sau biyar za a yi, tsakanin kowanne wata guda. Fatarki mai duhu ce, tana shan hasken nan fiye da fara. In aka matsa mata ƙonewa za ta yi, ta fi da baƙi. Ban da shiga rana, ban da shafe-shafe, kuma kada kowa ya taɓa fuskar nan da wata na'ura sai na ce."

"Wata biyar, Likita?" Yaya ta zaro ido. "Sati shida gare mu fa! Ba za a ɗan ƙara wutar ba, a yi sau biyu a gama?"

Likita ta dube ta ta saman tabarau. "Ke ce marar lafiyar?"

Har suka fito Yaya tana ƙunƙuni.

Ɗakin leza fari ne fat, da sanyi kamar cikin firji. Aka kwantar da Auta, nas ta shafa mata wani mai mai sanyi, ta rufe mata idanu da wasu 'yan murafan ƙarfe. Duniya ta yi baƙi ƙirin. Sai ta ji na'urar ta fara huci a gefen kunnenta, sannan tas! tas! tas! kamar ana harbin ta da roba, kowane tas da jan haske da ke ratso fatar ido, ga ƙaurin gashi na tashi. A cikin wannan duhun ne ta gan ta. Duk lokacin da hasken ya gifta sai fuskar hoton ta bayyana a kanta, dab da ita, tana murmushi, ta ɓace, ta sake dawowa kusa fiye da ɗazu.

"Kina lafiya?" in ji nas. "Jikinki rawa yake."

"Sanyi ne," in ji Auta.

Bayan kwana goma jan ya sauka, ƙurajen sun ɗan lafa, amma tabo yana nan daram. Kullum kuma Umma sai ta kira. Yau ta ce ta matsar da Auta kusa da taga don ta sha haske, gobe ta ce ta ga kamar ta rame a hoton, ko ba ta cin abinci ne? Auta ta fara jin cewa akwai wata da ta riga ta shiga gidan su Dogo, ana gaishe ta, ana hira da ita, ita kuma ta ainihin tana nan ana jiran ta yi kama da waccan.

Ranar sha ɗaya Yaya ta shigo da labari. Akwai wata Madam mai shagon gyaran jiki, tana da irin na'urar sak, kuma ita ba ta san wani jiran wata guda ba.

Da yamma Dogo ya zo ɗaukar ta daga aiki, ta ɗan gutsura masa zancen a hanya. Ya tsaya cak a gefen titi.

"Filis, don Allah, Auta, kar ki je. Ni na taɓa ce miki ina son wata fuska? Da idona biyu na gan ki, ba a hoto ba."

"Kai ka gan ni. Umma fa?"

"Zan gaya mata."

"Yaushe? Wata biyu kenan kana zan gaya mata!"

Ya sunkuyar da kai, don ya san ta faɗi gaskiya. "Oke, laifina ne. Amma ki yi min alkawari ba za ki je ba."

Ta yi masa alkawari. Washegari ta je.

Kada mai karatu ya ɗauka Auta sakarya ce. Sana'arta ce ta cuce ta. Shekara uku hannunta ya saba da abu guda: in ka shafa tabo bai fita ba, ka ƙara shafawa, in ka wuce gona da iri ka danna maɓalli biyu komai ya koma yadda yake. Kanta ya ji gargaɗin Likita, amma can cikin zuciyarta ba ta yarda akwai ɓarnar da ba a iya mayarwa ba.

Shagon Madam yana saman wani bene ne, bayan an wuce masu sayar da takalma, an hau matattakala mai duhu, an bi wani dogon lungu. Ƙarfe goma sha biyun rana ne, amma an ja labule ko'ina, sai wata shuɗiyar fitila da ke mayar da fuskar kowa kamar ta marar lafiya. Babu kowa a kujerun jira. Bangon kuwa cike yake da hotunan mata bibbiyu, na hagu da ƙuraje, na dama sumul, dukkansu suna kallon gadon da ke tsakiyar ɗakin.

"Kin ga aikina," in ji Madam, wata doguwar mace mai sanyin murya, tana nuna bangon da farce. "Duk a nan suka kwanta. Zama ɗaya, biyu, shi kenan."

Auta ta kwanta. Kafin a rufe mata ido sai kallonta ya faɗa kan hoto na uku daga sama, wata mata mai koren mayafi. Ta san matar nan. Ta san ɗan tabon da ke gefen hancinta, wanda babu shi a hoton dama. Ta san shi ne don ita ta cire shi, da hannunta, bara, a ɗan ɗakinta marar taga. Wani mutum ne ya kawo hotunan a filashin kwamfuta ya ce a goge su tas. Ta dubi na kusa da shi, da na ƙasa. Duk aikinta ne. Ko mayafin ba su canza ba, ko inuwar da ke bango.

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji tafin hannun Yaya a kafaɗarta.

"Kwanta mana, Auta. Saura sati huɗu fa. Kina so matar nan ta zo ta ce mun yaudare ta?"

Nan ne wurin da Auta ta fi yin kuka a kansa daga baya. Ta sani, ta gani da idonta, amma ta koma ta kwanta. Madam ta ɗora mata auduga a ido, ba ta gwada ko'ina ba, ba ta tambayi ko an taɓa yi mata ba. Wannan karon ba harbin roba ba ne, wuta ce tsagwaronta.

"Wayyo! Da zafi! Madam, da zafi!"

"Aiki yake yi kenan, ƙanwata. Daure."

Kafin su sauko daga benen fuskar ta kumbura. Washegari ta yi bororo, ruwa na tsiyaya. Da bororon ya fashe ya bushe sai ga abin da ya bari: baƙaƙen tabo masu kusurwa huɗu, daidai girman bakin na'urar, a jere reras daga goshi har haɓa, kamar an buga mata hatimi sau talatin. Da Yaya ta koma neman Madam ta tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce ai ta kwashe kayanta.

Likita ba ta yi faɗa da ƙarfi ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ta daɗe tana duba fuskar, sannan ta ce, "Na'urar cire gashi aka sa miki, a kan fatar da ba ta gama warkewa ba. Yanzu ba maganar leza, sai ƙunar ta warke tukuna. Wata huɗu, ko biyar. Yawancinsa zai dushe in kin bi doka. Wani ba zai tafi ba."

Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Mama ta juya madubin ɗaki ya kalli bango, ta rataya tawul a kan na banɗaki. Auta ta daina zuwa aiki. Tana kwance da rana, labule a sauke, sai Mama ta lura yatsunta biyu na hagu suna ta danna katifa, suna dannawa, suna dannawa.

"Me kike yi haka, Auta?"

Ta dubi hannun kamar ba nata ba. Maɓallan nan biyu take nema, masu mayar da komai yadda yake.

Kwana tara Dogo yana zuwa tana ƙin fitowa. A na goma ya ce ba zai bar ƙofar falo ba sai ya gan ta, ko da zai kwana a tsaye. Ta fito da mayafi a fuska, ta tsaya nesa, ta yaye. Ta zuba masa ido tana jiran ya kau da kai. Bai kau ba, amma idanunsa sun cika da hawaye.

"Sori, Dogo. Na karya alkawari."

"Ni na fara karyawa. Da na buɗe baki tun ranar da na ga hoton nan, da ba ki hau benen ba. Yau zan kira Umma."

"A'a," in ji Auta. "Ni na yi hoton. Ni zan gaya mata, in ta zo."

Umma ba ta jira sati shidan ya cika ba. Jin an daina ɗaukar wayarta ya sa hankalinta ya tashi, sai ga ta da la'asar ranar wata Laraba, da jaka da tsaraba, ko ɗan nata ba ta sanar wa ba. Yaya ce ta hango ta ta taga. Ta ruga ɗaki ta tura Auta ciki, tana haki.

"Kada ki kuskura ki fito! Zan ce an tura ki kwas wani gari. Mu samu ko wata biyu ne."

"Yaya, ya isa haka."

"Ki rufa mana asiri, don Allah! Aurenki nake ceto!"

Ta ja ƙofar. Auta ta jingina da ita tana jin komai. Ta ji an yi gaishe-gaishe, ta ji Yaya na zuba zance kamar famfo. Sai ta ji muryar Umma ta yi rauni.

"Ayya. Na so in gan ta. Kun ga har ƙaramin hotonta na wanke, yana jakata, duk inda za ni da ita nake tafiya. Ban taɓa haihuwar mace ba, shi ya sa."

Auta ta murɗa ƙofar ta fito, babu mayafi.

Umma gajeriyar mace ce mai ƙiba, da hoton a hannunta. Ta ɗago ta ga fuskar, ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Sannu, baiwar Allah. Wuta ce? Ƙanwar amaryar ce wannan?"

Auta ta durƙusa. "Ina yini, Umma."

Hoton ya suɓuce ya faɗi a kan kafet. Umma ta san muryar nan, kullum da ita take karyawa. Ta rufe idanunta gam.

"Sake magana."

"Ni ce, Umma. Ni ce Auta."

Ta buɗe ido, ta sake rufewa, kamar mai fatan in ta buɗe za ta ga an canza. Auta ta faɗi komai tana kuka, tun daga ƙurjin haɓa har zuwa benen Madam. Ba ta ɗora wa Yaya ba, ba ta ɗora wa Dogo ba. Ta ce kyamarar wayarta ma lafiyarta ƙalau.

Umma ta dubi hoton da ke kan kafet, sannan ta dubi Auta.

"Wata uku ina gaida takarda. Ina yi mata hira, ina kiran maƙwabta su zo su gani. Ku duka kun sani, har ɗan da na haifa, kuka bar ni ina haukata ni kaɗai. Ba zan yi miki ƙarya ba, yarinya, fuskar nan ta ba ni tsoro. Amma da ita kika zo min tun farko, da yanzu na saba. Yanzu wa zan aura wa ɗana? Waccan babu ita, ke kuma ban san ki ba."

"Hajiya, don Allah ki zauna," in ji Mama.

"A dakatar da bikin nan. In na ga dama zan neme ku."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar tsarabar a tsakar falo. Yaya ta zube a kujera ta ɗora hannu a ka.

Dogo ya bi mahaifiyarsa har gida ya ba ta haƙuri, ta ce kada ya ƙara yi mata zancen. Bai yi mata gardama ba, kuma bai daina zuwa wurin Auta ba. Ya ce mata, "Ba zan aure ki Umma na fushi ba, kuma ba zan auri wata ba. In shekara goma ce, mu jira."

Auta ta koma ga dokar Likita kamar ɗalibar da ta sha bulala. Man kariya daga rana safe da azahar, malafa mai faɗi in za ta fita, ba ta ɓantare ɓawo ko da ƙaiƙayi zai kashe ta. Ta koma aiki da fuskarta a buɗe. Mutane su kalla, yara su nuna, wata kwastoma har ta ce a canza mata mai gyaran hoto. Ta shanye.

Abu guda ta ƙara wanda ba Likita ce ta sa ta ba. Kowace safiya takan tsaya a bakin taga, inda haske ba ya rufa wa kowa asiri, ta ɗauki fuskarta yadda take, babu hoda babu filta, ta tura wa Umma. A ƙasa ta rubuta, "Ina kwana, Umma." Alamar an buɗe takan fito, amsa kuwa babu. Sati ya wuce, wata ya wuce. Yaya, wadda yanzu ta yi laushi har tana raka ta asibiti ba a roƙe ta ba, ta ce, "Auta, ki bar wahalar da kanki, matar nan ta shafe mu."

"Ta ce ba ta san ni ba, Yaya. To ga ni nan, kullum."

Akwai ranakun da fuskar ta yi muni har hannunta ya ƙi dannawa, sabon ƙurji ya fito a kan tsohon tabo. Ta yi kukanta ta gama, ta tura a haka. Sau ɗari da arba'in da uku ta tura, ba a ce mata ko ci kanki ba.

A wata na biyar Likita ta ce fatar ta huce, za a iya ci gaba da leza a hankali. Auta ta rubuta ranar da za a yi da sunan asibitin a ƙasan hoton da ta tura wa Umma. Ranar Auta ta zo ita kaɗai, don Yaya na fama da zazzaɓi, Dogo kuma an kira shi aiki. Tana zaune a ɗakin jira a tsorace, don tun ranar benen ko ƙarar injin aski ta ji sai gabanta ya faɗi. Sai wata ta zauna a kujerar da ke kusa da ita, ta ajiye jaka a cinya tana nishin gajiyar mota.

Auta ta juya. Ta zame za ta durƙusa, Umma ta riƙe mata hannu.

"Zauna. Juyo in gani." Ta kama haɓarta ta karkata ta wajen haske, ta daɗe tana dubawa. "Wannan na gefen hagun ya dushe. Ranar Talata ya fi haka duhu. Amma na goshin nan taurin kai gare shi, tun watan jiya yana nan yadda yake. Kina shafa maganin kuwa?"

Hawaye suka zubo wa Auta.

"Kar ki jiƙa musu fuskar, yanzu za su ce ni na ɓata aiki."

Nas ta leƙo da takarda ta kira Auta. Umma ta miƙe tare da ita.

"Hajiya, marar lafiya kaɗai ke shiga, sai ko wani nata na jiki. Me kike a wurinta?"

"Matar ɗana ce," in ji Umma. "Ki ba ni irin tabaran nan naku na kare ido, tsoro take ji."

Da aka rufe wa Auta ido duniya ta sake yin baƙi, na'urar ta fara huci, jan hasken ya fara giftawa. Ta jira fuskar nan ta zo. Ba abin da ta gani, sai hannu mai kauri da ɗumi da ke matse nata duk lokacin da aka yi tas, da murya a gefen kunnenta tana cewa, "Sannu. Saura kaɗan. Sannu, 'yata."

Bayan wata uku aka yi bikin. Fuskar Auta ba ta taɓa zama sumul ba, har yau in ta tsaya a rana ana ganin inuwar tabo biyu masu kusurwa a goshinta. Dogo bai fasa ba, Umma kuwa in wani ya kuskura ya yi zancen tabon a gabanta sai ya gwammace bai zo ba.

Ni dai abin da zan ce wa 'yan mata, da yayyen da ke ganin gata suke yi musu, shi ne: neman magani ba laifi ba ne, amma a bi likita, a ba jiki lokacinsa, domin fata ba hoto ba ce da za a ɓata a mayar. Kuma duk wanda kuke so ya karɓe ku, ku je masa da fuskar da kuke kwana da ita. Ƙaryar minti arba'in ta jawo wa Auta ƙuna da kukan wata biyar, gaskiya da haƙuri kuma suka ba ta miji, suka ƙara mata da uwa.